Raspberry Pi 4, Pi 5 ko Orange Pi 5: wacce za ka saya don sabar gida?

Dukkansu ƙananan kwamfutoci ne da za ka iya mayarwa saba, wato na'urar da ke zaune a gida tana yi wa sauran na'urorinka hidima. Kafin ka fitar da kuɗi, ka zauna ka lissafa manhajojin da za ka ɗora mata. Idan tallace-tallacen da ke cika wayoyin gida ne kawai damuwarka, Pi-hole mai toshe su ba shi da nauyi, ƙaramar Raspberry Pi Zero 2 W mai RAM 512MB ta ishe shi. Amma da zarar ka ce za ka haɗa Nextcloud don hotunan iyali, da Vaultwarden na kalmomin sirri, da Home Assistant na sarrafa kayan lantarkin gida, a kan na'ura ɗaya, to ka ajiye maganar Zero.

Pi 4 ta fito a 2019, kuma har yau ba ta gaji ba. Mai 4GB za ta riƙe waɗannan ukun lafiya, cajar wat 15 ta wadace ta. Pi 5 da ta zo a ƙarshen 2023 ta ninka ta sauri, sai dai tana son cajar wat 27 da fanka, don tana ɗaukar zafi, balle a watan Afrilu a ɗaki mai rufin kwano. Ni abin da ya ja ni gare ta shi ne mahaɗar PCIe, wadda ke ba ka damar saka SSD irin NVMe, wato ma'ajin fayiloli mai sauri.

A nan ne nake so mai saye ya tsaya. Katin microSD shi ne ke fara mutuwa. Nextcloud da Home Assistant suna rubutu a kai dare da rana, in kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, sai ka wayi gari na'urar ta ƙi tashi. Gara Pi 4 mai SSD ta USB da ɗan batirin UPS mai riƙe ta in an ɗauke wuta, da Pi 5 mai 8GB a kan katin da ba ka san asalinsa ba. Hotunan suna da na biki ba abin caca ba ne. Ka kuma ajiye kwafinsu a wani faifan dabam.

Idan kallon bidiyo ta manhajar Jellyfin kake so, Pi 5 ba ta dace ba, domin an cire mata sashen da ke sarrafa bidiyo mai tsarin H.264. Orange Pi 5, mai guntun RK3588S da gurbin M.2 na saka SSD a jikinta, ta fi ta a wannan aikin, amma masu taimako idan ka maƙale ba su kai na Raspberry yawa ba. Ƙaramar kwamfuta mai Intel N100 ta fi su duka sauƙin kai, ko da yake ta ɗan fi shan wuta.

Saura shiga sabar ta intanet idan ba ka gida. Yawancin layukan waya ba sa ba ka adireshin IP naka kai kaɗai, don haka buɗe ƙofa a rauta ba zai yi ba. Ka saka manhajar Tailscale, mai haɗa na'urorinka ta keɓaɓɓiyar hanya, a sabar da wayarka, sai ka iske fayilolinka ko kana kan hanya.