Betoni, Furen da Na Kusa Tugewa a Shekarar Farko

A watan Afrilun 2021 na yi odar dashen betoni guda uku ta intanet, irin da ake kira Hummelo, don wani ɗan fili da ke bayan gidanmu a Leeds ta ƙasar Ingila. Ƙasar wurin yumɓu ce zalla, in an yi ruwa ta kama takalmi, in rana ta buɗe ta tsage. Na sha asarar furanni a cikinta, shi ya sa da na ji an ce betoni ba ya tsoron yumɓu sai na ce bari in gwada.

Ranar da kwalin ya iso raina ya ɓaci. 'Yan kofunan roba ne uku, kowanne da ganye biyar ko shida masu tamoji, ɗaya ma ya yi yaushi don an bar shi babu danshi a hanya. Maigidana ya leƙa ya ce, "Yanzu wannan alayyahon kika kashe wa kuɗi?" Na yi wa masu sayarwar saƙo da hoto, sai bayan mako biyu suka amsa, lokacin kuwa mai yaushin ya riga ya farfaɗo da kansa.

Shekarar farko babu abin nunawa. Ganyen ya kwanta a ƙasa kamar faifai, kara biyu kacal suka fito. Sau biyu ina ɗaukar shebur da niyyar tuge su, maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya da ta daɗe tana harkar lambu, ta hana ni. Ta ce aikinsa a ƙarƙashin ƙasa yake yi tukuna.

Ashe gaskiyarta. A Yulin 2022, lokacin da zafi ya haura digiri 40 a Ingila karo na farko a tarihi, har daga baya aka hana ban ruwa da tiyo a yankinmu na Yorkshire, ciyawar gidan ta ƙone ƙurmus, wasu furannin suka sunkuyar da kai. Betoni ko a jikinsa. Da gwangwani nake ɗan zuba masa ruwan wanke kayan miya sau ɗaya a mako, ya kuma fitar da fure yadda ya kamata. A shekara ta uku kowane gindi ya ba ni kara fiye da ashirin.

Karan a miƙe yake cak, tsayinsa kamar santimita 50, ba ya neman a tokare shi ko da iska ta taso. In ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji yana da kusurwa huɗu, alamar dangin na'ana'a da ɗoɗɗoya ke nan, kuma danginsu ɗaya ne. Furen yana taruwa a saman kara kamar ƙaramar zangarniyar gero, ja mai sirkin shunayya, daga ƙarshen Yuni har cikin Agusta. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙudan zuma, musamman manyan nan masu gashi. Da hantsi sai ka ga guda ta sauka kan zangarniya, karan ya ɗan lanƙwasa, ta bi furannin ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama kamar mai jan carbi. Dodon koɗi kuma, wanda ke cinye mini latas cikin dare ɗaya, bai cika kula shi ba.

Ƙamshi dai babu. Wanda ke son furen da zai cika tsakar gida da ƙamshi da magariba ya nemi wani. Kuma in furen ya wuce, kan yana komawa ruwan ƙasa. Ni ina barinsa har hunturu don yana kyau in raɓa ta daskare a kansa, maigida kuwa gani yake ƙazanta ce.

Na gwada shuka irinsa a kasko a bakin tagar kicin, ko ɗaya bai tsiro ba. Laifina ne: irin yana bukatar ya sha sanyi kafin ya farka, don haka a waje ake shuka shi da kaka. Raba gindin a farkon bazara ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Mai saye ya duba sunan Latin da kyau, Betonica officinalis ko Stachys officinalis, domin a Amurka akwai wani tsiro daban, Pedicularis canadensis, da ake kira da suna iri ɗaya da Turanci, shi kuwa saiwar maƙwabtansa yake tsotsa. Shi Hummelo wani Bajamushe mai renon tsirrai, Ernst Pagels, ya zaɓo shi, aka sa masa sunan ƙauyen Holan inda lambun mai tsara lambuna Piet Oudolf yake, kuma a 2019 ƙungiyar masu furanni masu daɗewa ta Amurka ta zaɓe shi furen shekara.

Turawan zamanin da sun ɗauki betoni maganin komai. Akwai wani tsohon rubutu da ake jinginawa ga likitan Sarkin Rum Augustus, mai suna Antonius Musa (na yi dariya da na ga sunan), da ya lissafa cututtuka 47 da betoni ke warkarwa. Italiyawa har karin magana gare su, wai ka sayar da rigarka ka sayi betoni. Na busar da ganyen na dafa sau ɗaya don jin ƙwaƙwaf: ɗan ɗaci-ɗaci, kamar shayin da aka manta ba a sa sukari ba. Ban sake ba, don ni ado na saya.

A watan Maris da ya wuce na haƙo gindi mafi girma na raba shi huɗu da wuƙar burodi. Biyu na dasa a bakin katanga, ɗaya na miƙa wa dattijuwar ta saman shinge, na huɗun kuma maigida ne da kansa ya ce a sa masa a ƙofar gida, inda yake ajiye mota.