Kalifar birkin baya tana kaɗawa: walda ko sabon tiredi?

Malam, na ga tambayarka a kan Marsandin nan ta marigayi Baba, 280SL, wadda kalifar birkinta ta baya ke ƙwal-ƙwal duk lokacin da ka taka. Ka ce bakanike ɗaya ya ce a ɗana wa notin walda a huta, ɗayan kuma ya ce a sa wa ramin Helicoil, wato wayar da ke maye gurbin haƙoran rami, kana son sanin wanne za ka bi.

Kafin mu je can, ka san irin kalifar da ke jikin motarka, wato ƙarfen da ke matse fad, takalman birki, a jikin faifai in ka taka. Wannan samfurin, R107, an ƙera shi daga 1971 zuwa 1989, kuma kalifarsa ta baya kafaffiya ce: fistin biyu, ɗaya ta kowane gefen faifan birki, an ɗaure ta da noti biyu. Ta yawancin motocin yanzu takan ɗan zame a kan sanduna, shi ya sa yaran gareji ke cewa ai haka take. Taka ba ta da izinin motsi ko kaɗan. In ka kama ta da hannu ta girgiza, to ko noti ya kwance, ko tiredin ramin, wato haƙoran da notin ke bi, ya cinye.

Saboda haka a ɗaga motar, a cire taya, a zare notin a duba. In ka ga garin ƙarfe ya maƙale a tsakanin haƙoransa, ramin ya tafi. In kuwa ya fito fes kuma ramin na riƙe shi, ka yi sa'a: sabon noti mai lamba irin ta wanda ka cire, ɗigon Loctite shuɗi, gam ɗin da ke hana noti kwancewa, magana ta ƙare.

To mu ɗauka ramin ya tafi.

Walda tana da abu biyu da ke jan mutum, arha da sauri. Kafin ka shanye kofin shayi an gama. Amma dubi abin da ke kewaye da wurin da za a kunna wutar: robobin fistin, tiyon man birki, giris ɗin boris. Man birki DOT 4 sabo fil ma ana auna tafasarsa ne daga digiri 230, wanda ya shekara yana shan danshi kuwa bai kai nan ba, ita kuma wutar walda ƙarfe take narkarwa. Shi kansa notin, lambar nan 8.8 ko 10.9 da ke kansa shaida ce ta ƙarfin da aka ba shi da wuta tun daga masana'anta. Ka sake gasa shi, ka ɓata wannan aikin. Jikin kalifar kuma zubin ƙarfe ne, irin wanda ke tsagewa a gefen walda bayan ya huce.

Na taɓa ganin irin wannan aiki a wata gareji nan cikin gari, a kan wata tsohuwar Marsandi. Waldar ta riƙe kan notin, ba shakka, amma gindinsa na ci gaba da rawa a cikin ramin da ba shi da haƙori. Da aka zo canza faifan birki sai da aka sa injin yanka, ramin kuma ya koma kamar ƙwai. Waldar ba ta taɓa ciwon ba, kai kawai ta rufe.

Helicoil kuwa ramin yake bi. Waya ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, a naɗe kamar sifirin. Ana ɗan faɗaɗa ramin da ƙusar huda da ke zuwa cikin kwalinsa, a yanka sabbin haƙora, a murɗa wayar ciki, a karye ɗan harshen da ke ƙasanta. Shi ke nan, noti mai girman asali ya sake samun abin kamawa, kuma gobe za ka iya kwance shi da sifana kamar kowane noti. Wahalarsa a hannun mai aiki take. In hudar ta karkace ko da ɗan kaɗan, kalifar za ta zauna a gicciye, fad ya riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Don haka kar ka yarda a yi shi a tsugune cikin rairayi, ana rana ta Afrilu kowa na son ya gudu inuwa. A kai wa masu injin gyaran ƙarfe, ko da za a kwana biyu. Sannan wayar ta dace da notin a kauri da tazarar haƙora. Ka tafi wajen masu sayar da kayan gyara da tsohon notin a aljihu, kar ka dogara da kwatance.

Akwai inda shi ma ba ya aiki. In ramin ya riga ya zama ƙwai, ko ka ga tsaga ta fita daga bakinsa, babu naman da wayar za ta kama. Nan sai neman ƙafar bayan dukanta, wato ƙarfen da ramin ke jikinsa, ta gwanjo. Ƙafafun R107 daga wani samfurin Marsandi, W114, suka samo asali, amma kar wannan ya sa ka biya kuɗi kafin an ajiye tsohuwar da sabuwar gefe da gefe.

Ni dai da motata ce, bakanike na biyu zan bi, da sharaɗin a sa sabbin noti duka biyun, a ɗaure su da sifana mai awo daidai da adadin da littafin motar ya faɗa, a kuma leƙa ɗaya ƙafar tunda hannu ɗaya ne ya taɓa su. Kuma don Allah kar ka ce za ka lallaɓa da ita zuwa Bodinga ko Wamakko kafin nan. In noti ɗaya ya fita, kalifar na iya juyawa ta daki cikin taya ko ta tsinke hanyar mai. Birkin hannu ba zai cece ka ba a guje. Nasa ƙananan takalma ne daban a cikin faifan, don ajiye mota aka yi su.