Na yi hayar mota mai ɗaki na shiga tsaunukan Sikotland a tsakiyar sanyi, ga yadda ta kaya

Tun da muka dawo mutane ke ta tambayata wai yaya motar nan take, shin za a iya kwana cikinta da iyali a watan Disamba ko kuwa ganganci ne, to bari in faɗa gaba ɗaya a huta. Motar da nake nufi ita ce irin wadda turawa ke ce wa motorhome, babbar mota ce da aka mayar da bayanta ɗaki, akwai gado, kicin ɗan ƙarami, firji, banɗaki da shawa, har da hita. Mun ɗauke ta wajen wani kamfanin haya kusa da Edinbara na kwana biyar, ni da maiɗakina da yara biyu. Lasisin ƙaramar mota ya wadatar tunda nauyinta bai wuce kilo 3,500 ba, kuma kuɗin haya a hunturu ya yi ƙasa sosai a kan na bazara, wannan ne ma ya ja ra'ayina tun farko.

Ita motar kanta ban da abin cewa, tsaf take, katifa mai kyau, hita idan tana aiki sai ka cire rigar sanyi a ciki. Inda nake da ƙorafi shi ne yadda aka miƙa mana ita. Yaron da ya zagaya da ni bai fi minti ashirin ba, ya nuna min makunnai ya ce sauran duk suna cikin littafi, bayanin da ake yi wa mai tafiya a watan Yuli shi ya yi min alhali yana ganin ƙanƙara a farfajiyarsu. Tukunyar gas ɗaya ce tak a ciki mai kilo 6, na tambaye shi za ta kai mu, ya ce sosai ma. Ba ta kai ba.

Daren farko lafiya lau, mun bi babbar hanyar A9 ta Perth da Pitlochry muka haye mashigin tsaunin Drumochter muka sauka Aviemore, muka kwana a sansanin da ke bakin tafkin Morlich inda ake jona wa mota wutar lantarki, to hita da lantarki ta yi aiki ba mu san komai ba. Dare na biyu ne muka tsaya inda aka yarda a kwana amma babu wuta, wato komai ya koma kan gas. Wajen ƙarfe uku na dare maiɗakina ta tashe ni tana cewa Malam tashi ka ji, ɗakin nan ya yi sanyi. Na duba, hita ta mutu, gas ya ƙare ƙaf, ma'aunin motar na nuna 7 ƙasa da sifili a waje. Wallahi cikin awa ɗaya numfashinmu ya fara fita kamar hayaƙi a cikin ɗakin, muka kwaso yaran muka haɗu a gado ɗaya da duk bargunan da ke akwai, ƙaramar tana ta cewa Abba ƙafata, ni kuma ina murza mata ƙafar da hannu har gari ya waye. Na ɗauko ɗan risho na tafiya da muka zo da shi mai ƙananan gwangwanayen gas ko na dafa musu shayi, ya kama kaɗan ya mutu. Daga baya na gane dalili, gas ɗin da ke cikin gwangwanin irin wanda ake kira butan ne, shi kuwa da sanyi ya kai sifili ba ya tashi, sai ka riƙa jin sa yana motsi kamar ruwa amma babu wuta. Gas ɗin furofen shi ne na hunturu don yana aiki har kusan 40 ƙasa da sifili, a can galibi jar tukunya ce tasa, ta butan kuma shuɗiya.

Gara ma da rishon ya ƙi, don da na yi tunanin barinsa a kunne ya ɗumama mu, kuma mu ’yan Arewa mun san labarin kaskon garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, mutane nawa aka wayi gari an tarar. Mota ta fi ɗaki ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Akwai ɗan na'urar da ke ƙara idan gubar hayaƙi ta taru, a danna ta a ji tana da rai kafin a bar harabar kamfani, wannan kam ina roƙon kowa.

Da asuba na buɗe famfo zan yi alwala, shiru. Na leƙa ƙarƙashin mota sai ga ƙanƙara shimfiɗe, ruwanmu ne gaba ɗaya. Ashe tukunyar ruwan zafi tana da wani bawul da ke buɗe kansa idan sanyin wurin ya sauko wajen digiri 3, ya zubar da ruwan don kada ya daskare ya fasa ta, mu kuma mun bar injin tura ruwa a kunne sai ya yi ta turo ruwan babban tanki yana bin bayansa har ya ƙare. Dabara ce mai kyau, amma ba wanda ya ce min akwai ta. Wani dattijo da motarsa ke gefenmu ne ya zo ya durƙusa a kan gwiwarsa ya ɗaga murfin ƙarƙashin kujera ya nuna min shi, ya ce kuma ba zai yarda ya rufu ba sai wurin ya ɗumama, ya ba mu ruwan zafi a fulas ɗinsa. Allah ya saka masa. Na kira lambar kamfanin tun ƙarfe bakwai ba a ɗaga ba sai tara saura, sun dai ba da haƙuri sun kuma biya kuɗin gas ɗin da na canzo, wannan na yaba.

Sai raɓa. Hunturunmu na gida bushewa ne, leɓe ya fashe ƙafa ta yi faso, na can kuwa danshi ne, mutum huɗu na numfashi ga tukunyar taliya na tafasa, da safe gilashin gaba sharkaf yake har da ƙanƙara ta ciki, sai na yi kusan rabin awa ina gogewa kafin mu tashi. Akwai mayafi mai kauri da ake rufa wa gilashin ta waje, ba su ba mu ba, ashe sai ka nema. Buɗe tagar rufi kaɗan yana taimakawa duk da zuciya ba ta so. Tankin ruwan wanke-wanke shi ma a waje yake ƙarƙashin mota, ya daskare mana kwana biyu, masu abin bokiti suke ajiyewa su bar bututun a buɗe. Tayoyin kuma na bazara ne don doka a Birtaniya ba ta tilasta na hunturu ba, a wani ɗan hawa kusa da Glencoe tayoyin gaba suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, na yi ta salati.

Ga mu masu buta, tankin banɗaki yana cika da wuri fiye da lissafinsu, kullum sai na nemi wurin zubarwa, ga shi yawancin sansanoni a rufe suke daga kaka har bazara, a kira a tabbatar kafin a kama hanya. Rana kuma gajera ce ƙwarai, a Inverness sai kusan tara take fitowa, uku da rabi an yi magariba, azahar da la'asar da magariba duk a jere, tuƙin rana bai fi awa shida da rabi ba. A nan ne motar ta burge ni, ka faka ka yi alwala da ruwan ɗumi ka shimfiɗa darduma tsakanin kicin da gado, abincinka na halal yana firji, ba neman kowa.

Safiyar da muka koma tafkin Morlich da cikakkiyar tukunyar gas ba zan manta da ita ba, na ɗaga labule ina riƙe da kofin shayi, tsaunin Cairngorm fari fat, yashin bakin tafkin ya rufe da dusar ƙanƙara, babu kowa sai agwagi, yaran suka fita da takalman roba suna ihu.

Tauraro uku cikin biyar na ba kamfanin, motar ita kaɗai ta ci huɗu. Zan sake ɗauka in sha Allah, amma sai na ga tukunyar furofen biyu cike da idona, da mayafin gilashi, an kuma nuna min bawul ɗin nan kafin in sa hannu a takarda.