Tayar Beljiyam: me ake saya da rabin kuɗin sabuwa?

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, tayar mota ta zama kayan da ake shigowa da su, farashinta kuma na bin dala. Shi ya sa wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna zai tarar da tsaffin tayoyin Turai, waɗanda ake kira Beljiyam, jibge, an wanke su an shafe su da baƙi suna ƙyalli, mai kaya na cewa "wannan ai giret wan ce, ko ƙasa ba ta taka sosai ba." A takarda dai, tsohuwar tayar ƙaramar mota na cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su. A kasuwa kuwa, ita talaka ke saya. To bari mu duba ta a matsayin haja.

Abin yabonta a fili yake. Yawancinsu na manyan kamfanoni ne, irin su Michelin, Continental, Bridgestone da Pirelli, kuma gangar jikin irin waɗannan tayoyi, daga waya zuwa zaren da ke ciki, ya fi na wasu sabbin marasa suna da ake sayarwa da arha. Tayar da shekararta ba ta wuce uku ba, zanenta da sauran zurfi, ba faci a gefe, za ta yi wa mai zirga-zirgar cikin gari aiki ba tare da matsala ba. Irin wannan akwai ta, sai dai ba ita ce ta fi yawa a cikin jibgin ba.

Lissafin arahar ne bai cika fita ba. Sabuwar tayar ƙaramar mota na zuwa da zane mai zurfin kusan milimita 8, kuma ana ajiye ta idan ya kai 1.6, wato daidai ɗan tudun nan da ke cikin kwarin zanen. Abin da mutum zai ci ke nan milimita 6.4. Tayar Beljiyam mai milimita 4, saura mata 2.4 kacal, bai kai kashi 40 cikin ɗari na sabuwa ba. Wanda ya biya rabin kuɗin sabuwa a kanta ya saya da tsada, ko da a aljihu ya ji sauƙi. Ɗan ma'aunin zurfin zane ba shi da tsada, kuma a auna a wuri uku: gefen ciki, tsakiya, gefen waje. Idan ciki ya fi cinyewa, motar da aka cire ta ba ta da alaimen. Idan tsakiya ne ya lashe, iska ta yi mata yawa. Gefe biyu kuma, ƙarancin iska ne. Idan ka shafa da tafin hannu ka ji tudu da kwari suna bin juna, shokozoba ce ta mutu a tsohuwar motar, kuma wannan tayar za ta riƙa yin gunji a hanya har ta ƙare, ko an yi mata balansin.

Babban aibin da ba a cika magana a kai ba shi ne, da yawa daga cikinsu tayoyin hunturu ne. A Ostiriya doka ta ce tayar hunturu sai tana da milimita 4, a Jamus ma a nan ake ba da shawarar canza ta, don haka ake cire su da sauran zane mai ɗaukar ido. Robarsu mai taushi ce, an haɗa ta ne don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. A ɗora ta a kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafin iska kaɗai ya haura digiri 40, sai ta riƙa cinyewa da sauri, mota na lilo a kwana, birki na ƙara nisa. Gane ta ba wuya: hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki, sannan fuskar zanen cike da ƙananan tsaga masu lanƙwasa. Wannan a bar wa mai ita, komai kyanta.

Sai shekaru. A gefen taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Sau da yawa a gefe ɗaya kaɗai ake bugawa, saboda haka a juya ta. Lamba uku na nufin tun kafin 2000 aka yi ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC na wa'azin shekara huɗu. Michelin kuma ya ce bayan shekara biyar a riƙa duba ta kowace shekara, a goma a cire ko da zane. A zafinmu, ni ina ganin wadda ta haura biyar ba ta cancanci kuɗin kowa ba. Idan wurin lambar ya yi santsi kamar an kankare, ko lambobin sun karkace, an taɓa shi. Baƙin da ake shafawa ma ɓoye tsagewa yake yi: a danna gefen tayar da gwiwa a lanƙwasa shi, ƙananan tsagu za su buɗe baki.

Kada a yarda a sayi wadda ke kan rim. Ciki ake dubawa, da tocila. Baƙin gari kamar na gawayi, ko zobe mai duhu da ya kewaye gefen ciki, shaida ce an yi tafiya da ita ba iska, zarenta ya riga ya karye. Faci a tsakiyar zane, na hujin da bai wuce milimita 6 ba, ba laifi. Faci a kafaɗa ko a gefe kuwa ba gyara ba ne. A bi bakin tayar da yatsa, inda take kama rim, domin masu shigowa da su na cusa uku ko huɗu cikin ɗaya don su rage kuɗin kwantena, abin da hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kamawa. Cusawar na lanƙwasa wayar bakin, daga baya iska ta riƙa zurarewa a hankali, mai faci ya tsoma a ruwa ya rasa ƙusa.

Wani lahanin sai an ɗaura yake bayyana, shi ya sa dole a yi sharaɗin mayarwa kafin a biya. Sitiyari na rawa a gudun kilomita 90 zuwa 110 a awa, a ƙasa da haka lafiya lau: yawanci balansin ne, ana gyarawa. Amma idan mota na rangaji tun a kilomita 20 ko 30, wayar cikin tayar ce ta rabu da roba. A ɗaga a jak a juya da hannu, za a ga zanen na maciji ko wani wuri ya taso. Irin wannan ce ke fashewa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, kuma babu na'urar da ke gyara ta. Haka kumburi a gefe, ko ƙarami ne.

Wanda ya ga ba makawa sai ita, ya sayi biyu iri ɗaya, girma ɗaya, kuma lambar ɗaukar kaya kada ta gaza wadda motar ke buƙata: a 195/65 R15 91H, 91 na nufin kilo 615 a kowace taya, H kuma gudun kilomita 210. A sa sabon bawul, a bi kibiyar juyi idan akwai, masu zane mafi kyau su koma baya domin bayan mota ne ke kuɓucewa a ruwan sama. Iska kuma a bi takardar da ke jikin ƙofar direba, galibi PSI 30 zuwa 35, a auna da safe kafin taya ta yi zafi. 44 ko 51 da ke jikin tayar iyakarta ce, ba abin da za a sa ba.

Ga mai yawon cikin gari, da ya samu 'yar ƙasa da shekara huɗu, mai milimita 5 zuwa sama, wadda ba ta hunturu ba, zan ce ya saya. Mai Sharon ko Hummer da ke lodin fasinja daga Kano zuwa Maiduguri kuwa, ya nemi sabuwa mai lambar kwanan wata ta kusa, ko da biyu-biyu zai riƙa canzawa.