Rigar kariya ta soso: ta riƙe ni a kogin Kwara, amma da gyara

Tun da na shiga atisayen tseren kwale-kwale na bikin Rigata a nan Yauri, mahaifiyata ta kafa mini sharaɗi: ko rigar kariya, ko in haƙura da ruwa. Na sayi irin ta soso ɗin nan mai launin lemo, da maɗauri uku a ƙirji da ɗan usur a maƙale.

In fara da abin da ya dame ni. Ba don mai tuƙi aka ɗinka ta ba, don fasinja ne da zai zauna ya naɗe hannu. Ramin hammatar ya yi ƙunci, duk jan filafili sai ta goge ni, har wurin ya saɓule. Ga zafi, a watan Afrilu kamar ka rungumi murhu. Shi ya sa abokan tuƙina suke cire tasu su zauna a kai, alhali zaman nan ne yake latse soson ya rage masa ƙarfin ɗaga mutum.

Na ga amfaninta ne a farkon damina, wata la'asar muna ƙasa da Yelwa, inda kogin yake buɗewa ya nufi tafkin Kainji. Hadari ya haɗo daga gabas. Da fari iska ta ɗauke cak, sai wata mai sanyi ta biyo, kafin mu juya kan jirgin ruwan ya yi baƙi, igiya tana dukan mu ta gefe. Muka kife. Rigar ta cillo ni sama tun ban fara iyo ba, wannan kam na yaba mata. Sai dai ba ta da maɗaurin da ake ratsawa ta tsakanin cinyoyi, don haka ta haura ta tokare mini haɓa. Hannu ɗaya na janyo ta ƙasa, ɗaya na riƙe da bakin kwale-kwalen. Usur kuwa na busa har na gaji, iska ta cinye ƙarar. Launin ne ya yi aiki: wani dattijo cikin Sarkawa ya hango mu daga gaɓa, da iskar ta lafa ya zo da jirgin inji.

"Yaro, ba ku ga gabas ba ne?" abin da ya fara ce mini ke nan.

"Baba, muna da riga."

"Rigar tana tare tsawa?"

Ba ta tarewa. Ba ta kuma tare kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, waɗanda har yau suke fasa jirage. Ni a ganina haɗarin rigar shi ne ƙarfin halin da take sa wa samari, sai ka ji ana cewa a ƙara zagaye ɗaya. Yanzu ina ƙirga tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa: kowane daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ne, in bai kai 30 ba na kama gaɓa, ko wa zai yi mini dariya.

Duk da haka ba zan ce kada a saya ba. Wanda ya tuna jirgin ruwan da ya nitse a Wara a watan Mayun 2021 a ƙaramar hukumar Ngaski, mai ɗauke da mutane fiye da 150 da kaɗan ne suka tsira, ba zai raina ta ba. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na ƙasa, ma ta wajabta sa ta. Mai saye ya gwada a shagon: ya ɗaure, wani ya ja kafaɗun sama, in ta kai kunne ya ajiye ta. Tawa dai na kai wa mai gyaran takalmi ya ɗinka mata maɗaurin ƙasa da igiyar tsohuwar jakar makaranta, ya kuma ɗan faɗaɗa mini hammatar.