Halo: The Flood, Rabinsa Labari Rabinsa Lissafin Harsasai

Wallahi da a tsakiyar littafin nan na rubuta sharhina, tauraro ɗaya zan ba shi, shi ma don babu wurin danna sifili.

Duk wanda ya buga gem ɗin Halo: Combat Evolved, wanda daga shi aka ɗauko labarin littafin nan, ya san matakin da ake kira The Library, inda na'urar nan mai shegen surutu, 343 Guilty Spark, take jan Master Chief, jarumin gem ɗin, daga wannan zaure zuwa wancan, halittun Flood masu mamaye jikin mutum na ta ɓarkowa ta kowace kafa. Ko a gem ɗin ma wurin ya ishi mutane, amma can aƙalla hannunka na aiki, gabanka na faɗuwa. To sai marubucin, William C. Dietz, ya kwaso wurin nan ya juye shi a takarda kusan yadda yake. Chief ya yi harbi, ya sake ɗura harsashi, ya wurga gurneti, ya tsinci wata bindiga a ƙasa, ƙofa ta buɗe, wasu suka sake fitowa, ya sake harbi. Kamar ka je gidan gem ba ka da kuɗin bugawa, wani yaro ya zaunar da kai yana lissafa maka duk maɓallin da ya danna. Haba malam! Ni da na buga abin nan da hannuna a kwamfuta, me zan ƙaru da shi? Abu ɗaya tak ya farkar da ni a duk wannan tafiya, inda Chief ya ci karo da gawar wani saje, Marvin Mobuto, sojan da ba shi da sulken Spartan irin na Chief amma ya kutsa har can ciki kafin a gama da shi. Wannan babu shi a gem, kuma ya fi duk harbe-harben da suka kewaye shi armashi.

Abin da ya ƙara min haushi shi ne daga littafin The Fall of Reach na Eric Nylund na taho, wanda ya fito a 2001. A can na san John, wato Master Chief, tun yana yaro ɗan shekara 6 da aka ɗauke shi daga gaban iyayensa, na san abin da Dokta Halsey ta yi masa da sauran yaran da aka ɗauke don mayar da su sojojin Spartan, na saba da shi a matsayin mutum mai ƙarancin magana da kaya a zuciya. A nan kuwa sai na ji kamar an canja min shi, ga shi dai cikin sulken amma ba shi ba ne. Masoya Halo sun daɗe suna wannan ƙorafin, har shawarar da suka saba ba sabon shiga ita ce ya karanta na Nylund na farko, ya tsallake wannan, ya wuce First Strike, littafin da ya biyo baya.

Sai dai ban yarda a tsallake shi ba, gaskiya. Duk inda Dietz ya rabu da Chief, alƙalaminsa yakan dawo hayyacinsa. Mutumin ya yi aikin jinya a rundunar sojan ruwan Amurka, kuma ana jin haka a yadda sojojinsa ke magana da juna a sansanin Alpha Base. Akwai Wallace Jenkins, ƙaramin soja da Flood ta shiga jikinsa amma hankalinsa bai gushe ba, yana kallon hannuwansa suna aikata abin da bai sa su ba. Akwai Kyaftin Keyes, halittun Flood na zare masa tunaninsa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana ta maimaita sunansa da lambarsa ta soja, yana miƙa musu tsoffin abubuwan da yake tunawa don kada su kai ga inda duniyarmu take. Tsigar jikina ta tashi a nan. Ga kuma rikicin Manjo Silva da Laftanar McKay kan jirgin Truth and Reconciliation, shi yana son komawa gida a matsayin gwarzo, ita tana ganin annobar da za su kwasa su kai wa mutane. Sannan Yayap, wani matsoracin ɗan Grunt, wato ƙananan sojojin abokan gaba, da tsautsayi ya haɗa shi da wani hafsansu, Zuka 'Zamamee, shi ne ya ba ni dariya har na ji tausayin maƙiyi.

To amma ka ga matsalar, da zarar ka fara jin daɗin waɗannan, sai a mayar da kai bayan Chief, a ci gaba da ɗura harsashi. Kusa da ƙarshe na koma zura ido kawai ina neman sunan McKay ko Jenkins.

Kuma wanda na saya a hannunsa bai kyauta min ba. Hoton da ya saka na bugun Tor ne na 2010, wanda aka yi wa gyare-gyare, amma da saƙon ya iso sai ga tsohon ɗan ƙaramin bugun Del Rey na 2003, takardar ta yi ja, rubutun ƙanana, bangon baya ya fara ɓallewa. A kuɗin da na biya, ga kuɗin kawowa, wannan cuta ce.

Tauraro uku na ba shi, biyu saboda Jenkins da Keyes, ɗaya saboda Yayap. Shi kuma mai sayarwar na tura masa hotunan abin da ya aiko min, ya buɗe saƙon, har yau bai ce uffan ba.