Kagoshima: na biya kuɗin kallon Sakurajima, na sha toka

Duk wanda ya ba ka shawarar ka kama ɗaki mai fuskantar Sakurajima, dutsen nan mai aman wuta, a birnin Kagoshima na ƙasar Japan, ka tambaye shi a wane wata ya je. Ni a farkon Satumba na sauka, kuma a lokacin zafi iska kan kaɗo daga gabas, ta kwaso tokar dutsen ta ƙetaro ruwa ta juye wa birnin. Mutanen otal ɗin sun san haka sarai, amma da suke karɓar ƙarin kuɗin ɗakin babu wanda ya ce min uffan.

Bayan la'asar ina yawo a kasuwar Tenmonkan, sanye da farar shadda, sai na hango hayaƙi ya turnuƙe daga kan dutsen ya miƙe sama. Ban ji ƙara ba. Kafin wani lokaci gari ya dusashe, abu ya fara sauka. Kada ka ɗauka irin ƙurar hunturu ce mai laushi. Wannan niƙaƙƙen dutse ne, kana jin sa garas-garas a haƙori, in ya shiga ido ka murza ka jawo wa kanka. Ni ina ta salati ina neman mafaka, wata tsohuwa a gefena ta buɗe lema ta ci gaba da duba takalma. Mai shago ya fito da tsintsiya. Shi ke nan fa, babu wanda ya ɗaga kai.

Na koma otal na tarar da tagar da na biya kuɗi dominta ta yi duƙun-duƙun, ko jirgin ruwa ba ka gani, kuma ba a buɗe ta. Na sauko na yi magana. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta rusuna ta ba ni haƙuri har sai da na ji kunya, ta kawo jiƙaƙƙen tawul da takunkumi, ta nuna min a waya cewa hasashen yanayinsu har da inda iska za ta kai toka. Ladabi kam ba a magana. Kuɗi kuwa ko yen ɗaya ba a rage ba.

Washegari ne zuciyata ta yi sanyi. Jirgin fito minti 15 kacal yake yi zuwa Sakurajima, kuma sai ka isa can ake biya. Kusa da tashar akwai wata doguwar kwata ta ruwan zafi, kusan mita 100, ka zauna ka tsoma ƙafa kyauta kana kallon teku. Na ga 'yan makaranta da hular kwano, na ga rumfunan kankare a bakin hanya na fakewa idan duwatsu suka fara zuba. A ƙauyen Kurokami akwai ƙofar wani wurin bauta da aman wutar 1914 ya binne, samanta kawai ya rage a waje, aka bar ta haka don a riƙa gani. A shekarar 1914 ɗin ce narkakken dutse ya cike mashigin ruwa ya haɗe Sakurajima, wanda a da tsibiri ne, da yankin Osumi. Ga mutane nan suna noman lemu a gindin abin. Hukumar birni ma leda mai ruwan ɗorawa take rabawa, ka share tokarka ka ɗaure ka ajiye, mota ta zo ta kwashe. A nan na ce wallahi tafiyar ta biya.

Sai dai da na dawo cin abinci haushin ya dawo sabo. Abin alfaharin garin naman baƙin alade ne, kurobuta, kuma romon taliyarsu ma yawanci da ƙashinsa ake yi. Karin kumallon otal ɗin da aka haɗa min a kuɗin ɗaki, shinkafa da gasasshen kifi kawai na iya taɓawa, don babu rubutun da ke nuna me ke cikin me. Na ba su shaddar su wanke, ta dawo a goge tsaf, amma wuyanta har yau toka-toka ne. Kuma tagar nan har na bar garin ba a goge ta ba.

Garin na ba shi huɗu cikin biyar, otal ɗin biyu. In za ka je, kama ɗaki mai araha, ka hau tudun Shiroyama da ke cikin birnin ka kalli dutsen kyauta, kuma ka bar fararen kaya a gida.